Mirya, garin da uwaye suka koyi awon dantsen ƴaƴansu

Wanda ya fita daga Damagaram ya nufi gabas, bisa babbar hanyar kwalta mai zuwa Gure da Difa, ba zai yi nisa ba zai iso Mirya. Kilo 18 ne tsakani. Mai mota ba ya cin rabin awa. Mai amalanken shanu kuwa sai ya yi sammako.

Tun kafin a shiga gari ƙasa take sauya kama. Duwatsun Damagaram sun koma baya. Ga gawo cikin gonaki, wani babba, wani ɗan matashi. Yawancinsu ba shuka su aka yi ba. Manoma ne suka daina sare su wajen sassabe, suka riƙa barin masu ƙarfi suna yi masu aski. Mirya da Magarya da Matamai sun yi suna da wannan aiki. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana. Da rani kuma ya yi ganye da ƴaƴa, bisashe su samu abinci. Makiyayi ya san wannan, ba sai an faɗa masa ba.

Mirya tsohon gari ne. Yana cikin garuruwan Sosebaki, shi da Dungas da Washa, masu sarauta tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi ta rinjaye su. Cikin fadamun wurin ruwa ba shi da zurfi. Shi ya sa garake suka yi yawa. Akwai rake, akwai mangwaro, akwai albasa da tumatir da shu da salati. Matan garin kuma gwanaye ne wajen ginin tukwane. Tulunsu da randarsu masu zanen ja da fari da baƙi sun kai garuruwa masu nisa.

Kasuwar Mirya ran Lahadi take ci. Hausawa da Barebari da Fulani da Buzaye duk suna haɗuwa. Wannan ya kawo hatsi, wancan ya koro awaki, wata ta ɗauko ƙwaryar nono. Mata da yawa da goyo suke zuwa. Wadda ɗanta ba ya jin daɗi takan haɗa tafiya biyu: ta biya likita da safe, ta shiga kasuwa da hantsi.

Likitan nan shi ne dalilin wannan labari. A ƙasar Mirya aka fara wani abu wanda yau ƙasashe da yawa suka ɗauka.

Hawa uku

Gidajen likita na gwamnati hawa-hawa ne, kamar tsani.

A ƙasa akwai ɗan ɗakin lafiya na ƙauye. Daga 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu, an gina irinsu wajen 2000 cikin faɗin ƙasa. Ƙaramin gini ne, da ma'aikaci guda, wani wuri biyu. Shi ke duba masassara da zawo da tarin yara. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya rubuta takarda ya tura gaba.

Gaba shi ne CSI, wanda mutanen karkara ke ce wa likita kurum. Shugaban wurin ana ce masa majo. Akwai ɗakin awon ciki, da ɗakin haihuwa, da firijin ajiye allurar rigakafi, da wurin ba da magani. Manyan garuruwan gundumar, irin su Dogo da Durum da Guna da Gafati da Hamdara, kowane da nasa.

A sama kuma akwai asibitin gunduma cikin Mirya. Nan ne ake kwantar da mai ciwo. Nan ne ake gwajin jini da ƙarin jini. Wanda ciwonsa ya wuce nan, sai babban asibitin Damagaram.

Wasu sukan raina ɗakin ƙauye. Su zauna gida su ce sai sun tara kuɗin mota su tafi birni. Kafin kuɗi su taru, ciwon kwana ɗaya ya zama na kwana biyar. Alhali ƙwayar masassara da ke birni ita ce ke ɗakin ƙauye. Takardar da ma'aikacin ƙauye ya rubuta kuwa tana rage wa mutum jira da yawan tambaya in ya isa gaba.

A 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, haka ma awon ciki. Abin ya kawo jama'a ƙwarai. Amma an sha yin jinkiri wajen maida wa gidajen likita kuɗinsu, har magani ya riƙa yankewa. Uwa ta zo da tunanin kyauta, a miƙa mata takarda ta je ta saya. Fushinta bisa majo yake sauka, ga shi ba shi ya riƙe kuɗin ba. A 2024 an rage kuɗin ganin likita, an kuma maida haihuwa kyauta cikin gidajen likita na gwamnati.

Watannin wahala

Wanda ya ga likitan ƙasar Mirya da sanyi bai san shi ba. Sai ya dawo cikin watan Agusta ko Satumba.

Lokacin nan rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Uwa tana gona tun safe. Ruwa ya kwanta ko'ina, sauro ya yi yawa. Zawo ma ya shigo. Sai ciwo biyu su haɗu bisa yaro guda: masassarar cizon sauro da tamowa.

Tamowa ba iska ba ce, ba aikin maye ba ne, ba kuma fitar haƙora ba. Jikin yaro ne bai samu abin da zai gina shi ba. Yaro ɗan wata 8 cikinsa ƙarami ne. In aka cika shi da fura mai ruwa-ruwa, ya ƙoshi, amma bai samu ƙarfi ba. In zawo ya kama shi, ɗan abin da ya ci ya zube. In masassara ta zo, ya ƙi abinci. Jikin da ya rame kuwa ba ya iya kare kansa, sai wani ciwon ya sake shiga. Haka abin ke zagayawa har yaro ya zama fata da ƙashi, ko ya kumbura.

Rurrutsa ma tana cikin masu kawo ta. Uwa ta ga ciki ya shiga, ta tsorata, ta yaye goyonta rana ɗaya, a kai shi gidan kaka. Yaro ya rasa nono, ya rasa uwa, ya ƙi cin komi. Ma'aikatan lafiya suna nanata cewa nonon mai ciki ba guba ba ne. Tana iya ci gaba da ba shi, ta yaye shi sannu a hankali.

Dattawa ba su manta 2005 ba, shekarar da ta biyo bayan fari da fara. A 2010 kuma yaran da aka yi wa maganin tamowa mai tsanani cikin ƙasar nan sun wuce dubu 300. Jahar Damagaram da ta Maraɗi su suka fi shan wuya. A 2009 wata ƙungiyar likitoci ƴan ƙasa, BEFEN, ta haɗa hannu da wata ƙungiyar mai suna ALIMA, suka fara aiki tare da ma'aikatan gwamnati a Mirya.

Abin da ya fi damun likitocin shi ne wannan: yara suna zuwa a makare. Magani akwai. Amma yaron da aka kawo ya riga ya daina shan nono, idanu sun faɗa, jiki ya yi sanyi, cetonsa da wuya. Da an kawo shi mako uku kafin nan, ko kwanciya ba zai yi ba.

To, wa zai gane da wuri? A lokacin, ma'aikaci ne ke zagaya ƙauyuka yana awon yara, sau ɗaya a wata. Wata guda kuwa yana da tsawo ga ƙaramin yaro. Sai aka yi tunani: wa ke tare da yaro dare da rana? Uwarsa. Me zai hana a ba ta abin awon?

Wasu sun yi shakka. Suka ce matan ƙauye ba su yi lakwal ba, ba za su iya ba.

Dogo da Takeita

Aka ce a gwada a gani. Daga 2013 zuwa 2014 aka ɗauki yanki biyu. A yankin Dogo, kudu da Damagaram bisa hanyar Magarya, aka koya wa uwaye da masu renon yara su 12,893. Kowace aka ba ta igiyar awo ta tafi da ita gida. A yankin Takeita, yamma da Damagaram, aka bar aikin hannun ma'aikata 36 kamar yadda aka saba.

Da aka yi lissafi, uwaye ba su gaza ma'aikata ba. Yaran Dogo sun fi zuwa da wuri, tun ramar ba ta yi nisa ba. Waɗanda suka bukaci kwanciya asibiti ranar da aka karɓe su sun fi kaɗan a Dogo. Kuɗin da aka kashe wajen koya wa uwaye kuwa bai kai rabin na Takeita ba. Daga nan dabarar ta bazu. Yau ana aiki da ita cikin ƙasashen Afirka da dama, har da wasu na waje. Matan Dogo ne suka buɗe hanyar.

Igiyar ba wata abu ba ce mai wuya. Ɗan madauri ne na roba, siriri, mai launi uku: ja, da ruwan ɗorawa, da tsanwa. Ba sai an iya karatu ba. Ana auna yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. A saki hannunsa ya sauka, kada ya lanƙwasa. A nemi tsakiyar dantse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. A zagaya igiyar, a zura bakinta cikin ƴar kafar da ke jiki. Kada a matse, kada a bar ta sako-sako. Sai a dubi launin da ya fito a ƴar tagar.

In tsanwa ce, madalla. In ruwan ɗorawa ne, yaro ya fara ramewa, a kai shi likita cikin kwanakin nan, a kuma gyara masa abinci. In ja ne, kaurin dantsen bai kai milimita 115 ba. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa, ba ya jiran a gama noma. Ranar nan za a tafi.

An saba auna hannun hagu. Amma tun a wani ɗan gwaji da aka fara yi a ƙasar Mirya an ga ko na dama aka auna, ko da ido aka nemi tsakiya, launi ɗaya ake samu galibi. Saboda haka kada tsoron kuskure ya hana uwa awo. Sau ɗaya a mako ko mako biyu ya isa, da duk lokacin da yaro ya tashi daga ciwo.

Akwai awo na biyu wanda ba ya bukatar igiya. Uwa ta danna bayan ƙafafun yaro biyu da manyan yatsunta, ta ƙirga uku a hankali, ta saki. In rami ya zauna a ƙafa biyun, kumburi ne. Mutane sukan ce yaro ya yi ƙiba. Ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Shi ma ranar za a tafi, ko da igiya ta nuna tsanwa.

Abin da ake yi in an isa

A CSI ana sake auna dantse, a ɗora yaro bisa sikeli, a auna tsawonsa. A ɗiga jinin yatsa a ga ko akwai masassarar sauro. Sa'an nan a wanke hannu, a ba uwa wani ɗan ƙunshi ta ba shi a gaban ma'aikaci. Mata kan ce masa biskit. Gujiya ce aka niƙa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Ba a dafa shi, ba a zuba masa ruwa. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, daga baya aka fara yin sa a Yamai.

In yaro ya ci, labari ya yi daɗi. Gida zai koma da rabon mako guda, ya dawo awo kowane mako har ya murmure. In ya ƙi ci, ko yana da wani ciwo mai nauyi, sai Mirya.

Nan akwai magana ga masu gida. Biskit ɗin nan magani ne, an ƙirga shi daidai nauyin yaro. In aka raba wa yayyensa, ko maigida ya ɗanɗana, ko aka kai kasuwa don a samu kuɗin cefane, yaro ba zai tashi ba. Kowa ya san halin da ake ciki da damina. Uwa mai ƴaƴa huɗu suna kallonta, da wuya ta ba ɗaya ta hana uku. Amma wanda dantsensa ya nuna ja, shi ne ke bakin rami.

A ɗakin kwanciya ba a fara wa yaro da abinci mai nauyi. Cikinsa ba zai ɗauka ba. Wata madara ce ta musamman ake ba shi, kaɗan-kaɗan, bayan kowace awa 2 ko 3, dare da rana. Ana lulluɓe shi, don ramammen yaro sanyi yake ji ko da ana zafi. Wanda ba ya iya haɗiya, a zura masa ɗan siririn tiyo ta hanci zuwa ciki. Uwaye da yawa suna tsoron tiyon nan. Sun ga an sa wa wani yaro, ya rasu, sai su ce shi ya kashe shi. Ba haka ba ne. Waɗanda ciwonsu ya fi tsanani su ake sa wa, kuma da yawansu ta nan suka rayu. Akwai matan da ke ɗaukar ɗansu da dare su gudu saboda wannan tsoro. Ma'aikacin da ya zauna ya yi wa uwa bayani da harshenta kafin ya taɓa yaron, ya yi rabin magani.

Masassarar sauro kuma tana shanye jinin yaro. A buɗe tafin hannunsa a gan shi fari fat. Irin wannan sai ƙarin jini. Jini kuwa ba a shagon magani yake ba, a jikin mutane yake. Sau da yawa a nemi uba a rasa, ko ya ce noma zai gagare shi in an ɗiba. Namiji mai lafiya da ya ba da leda guda, ya ci ya sha, jikinsa zai maida abin da aka ɗiba.

Kwanciyar takan kai mako guda, wani lokaci fiye. Mako guda cikin damina ba ƙaramin abu ba ne ga mace. Ga gamanarta, ga daka, ga sauran yara. Shi ya sa wasu ke ƙin zuwa. Gidan da miji ya ce ki tafi, ni na ɗauki sauran, kishiya ko suruka ta riƙe tukunya, yaron gidan ya fi samun tsira.

Tare ciwo tun a gida

Ranar awo, kafin a fara, mata sukan zauna bisa tabarmi cikin inuwa. Ma'aikaciya ta buɗe babban littafi mai hotuna ta yi masu magana. Maganar ba ta canzawa sosai, don ciwon ma bai canza ba.

Jinjiri ya sha dakashi tun awar farko, kada a matse a zubar. Nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba bauri. Mata sukan ce da zafin bazara ai sai ya ji ƙishirwa. Nono kansa yawancinsa ruwa ne, uwa ce za ta ƙara sha. Bayan wata 6 a fara kunu mai kauri, a sa masa garin ƙuli-ƙuli ko na wake, da ɗan mai, da nono in akwai. Ganyen zogale da miyar kuka da ƙwai duk abincin yaro ne. A ba shi kwanonsa shi kaɗai, sau 4 ko 5 a yini. Yaron da ke cin kwano ɗaya da manya, kafin ya kai loma biyu an share.

Ga zawo akwai garin gishiri da sukari na likita. Ƙunshi guda cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kurɓi-kurɓi, tare da ƙwayar zinki kwana 10. Kada a daina nono.

Ga sauro akwai sange. Akwai kuma maganin rigakafin damina, wanda aka fara rabawa a ƙasar nan a 2013. Ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Kwana uku ake sha. Na ranar farko a gaban mai rabo. Na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa suke. Yana da ɗaci, yara ba su so, amma in aka tsallake kwana biyun nan maganin ba zai yi cikakken aiki ba. A 2024 kuma an fara allurar rigakafin masassarar sauro a Gaya. Ita ma ba ta kore sange ba.

Allurar rigakafi tana da lokutanta: ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, sai wata 9 a yi ta ƙyanda, wadda wasu ke ce wa dussa. Akwai ta biyu bayan yaro ya shige shekara. Duk suna rubuce cikin karne. Karnen nan a adana shi cikin leda, nesa da gara da ruwa.

Waɗannan ƙananan abubuwa sun yi aiki. A 1998, cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 226 ba su kai shekara 5 ba. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Har yanzu da yawa. Amma kowane ƙauye akwai samari da ƴanmata da ke yawo yau waɗanda da can da ba su kai yaye ba.

Masu aikin

In yaro ya warke, akan ce an gode Allah, an gode likita. Daidai ne. Sai dai likita ba mutum ɗaya ba ne.

Akwai mai jinyar dare, wadda ke tashi ƙarfe uku ta dama madara ta bi gado-gado. Akwai ungozoma. Akwai mai duba jini. Akwai mai shara da wankin ɗaki, wanda in ya yi sakaci zawon yaro guda zai kama goma. Akwai mai dafa wa uwaye abinci, da direban motar marasa lafiya, da mai gadi da ke buɗe ƙofa tsakar dare. Can ƙauye kuma akwai ƴan sa-kai masu bin gida-gida da maganin damina, suna neman yaran da suka daina zuwa awo. Da yawa cikin waɗannan ba su da albashin dindindin. Wasu ƴan kwantaragi ne. Wasu sun gama makarantar aikin lafiya, suna aiki kyauta suna jiran a ɗauke su.

Ƙasar nan ta taɓa ganin abin da rashin kula da irin waɗannan mutane ke jawowa. Cikin shekarun 1960 aka fara wani tsari a jahar Maraɗi, daga baya ya game ƙasa. Ƙauye ya zaɓi mutanensa, maza masu ba da taimakon farko da ake ce wa sekurist, da tsofaffin ungozomomi. A koya masu aiki kamar kwana 10. A ba namiji akwati mai nibakin da asfirin da maganin ido da na miki. A koya wa ungozoma wanke hannu da yanke cibiya da sabuwar reza. Tsarin ya yi suna har waje. Amma ba a biyansu. Mutum ya bar gonarsa ya duba na wani, ba ko sannu. Akwati ya ƙare ba a cika ba. Masu zuwa duba aikinsu suka rage zuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka koma gona, wasu suka tafi cin rani, akwatuna suka zama wurin ajiyar tufafi.

Yabon gwani ya zama dole, in ji Hausawa. Gwamnati tana da irin nata yabo. Makarantar koyon aikin lafiya ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, ma'aikacin jinya da ya daɗe yana duba talakawa, ya rasu a 2009. Amma ma'aikacin ɗakin ƙauye ba sunan makaranta yake jira ba. Baƙo ne galibi, an turo shi nesa da danginsa. Abin da zai riƙe shi kaɗan ne. A gina masa ɗaki kusa da wurin aiki, don mai naƙuda ta same shi da dare. A kawo masa ruwa. Samari su share filin likita, su gyara darni. A yi wa ɗan sa-kai gayya a gonarsa ranar da yake rabon magani. Maigari ya ambaci sunansa a gaban jama'a ran Salla. Kwamitin da ƙauye ya zaɓa don kula da likita ya riƙa zama da gaske, yana ƙirga kuɗi da magani a fili, don kada zargi ya faɗa bisa wanda bai ci ba.

Su ma ma'aikata akwai nasu. Ko'ina cikin ƙasa ana jin kukan mata cewa an yi masu tsawa, an ce sun zo da datti, an ce sai yanzu kika kawo shi. Macen da ta taka kilo 10 da goyo cikin rairayi ba faɗa ta zo nema ba. In aka kunyata ta a gaban ƴan'uwanta, ba za ta dawo ba. Za ta tafi wurin mai tallar ƙwaya a kasuwa, ta kuma gaya wa maƙwabtanta. Gajiya gaskiya ce, mutum ɗaya ya duba yara ɗari a yini ba wasa ba ne. Duk da haka, "sannu da hanya, baiwar Allah" ba ta cin minti guda.

Ga makiyaya

Makiyayi ya fi kowa nisa da likita. Da damina yana arewa da bisashe, da kaka ya sauko. Matarsa ta fara awon ciki a wannan gari, wata mai zuwa tana wani. Ba laifi. Karne ɗaya yana aiki a kowane CSI na ƙasar nan. Allurar da aka fara a Tanut ana iya ƙarasa ta a Mirya, ba sai an koma farko ba. Abin da ake so kurum a zo da takardar.

Yaran rugga suna shan nono, shi ya sa da damina sukan fi na manoma kyan jiki. Wahalarsu da bazara take, lokacin da shanu suka ƙafe. Lokacin nan ne igiyar awo ta fi amfani a rugga. Ba ta da nauyi, tana shiga cikin jakar fata tare da karne. Kada a bar ta a rana ko kusa da wuta, don roba ce, tana lanƙwashewa. Wadda ba ta da ita, ko tata ta yage, ta tambayi majo ko ma'aikacin ɗakin lafiya ranar da aka sauko kasuwa, a nuna mata awon a hannun ɗanta kafin ta koma.